Yini Biyar a Tsauni da Guzurin da Bai Kai Kilo Huɗu Ba

Mu huɗu ne, kuma hanyar da muka zaɓa ta ƙafa ce zalla. Yini biyar, kwana huɗu, daga wani kwari mai tudun mita 900 bisa teku, mu hau har wata mashiga tsakanin duwatsu biyu da ta kai mita 2,800, sannan mu gangara ta ɗaya ɓarin. Babu kanti a hanya, babu gida, babu wanda zai ba mu ko ƙwayar gishiri. Abin da yake akwai a wadace shi ne ruwa, domin taswira ta nuna ƙorama ko maɓuɓɓuga a kusa da kowane zango. A kan wannan ruwan muka ɗora duk lissafin guzurinmu. Tunda yana can yana jiranmu, babu dalilin goya shi daga gida a cikin abinci.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma yawancin abin da muke ci kullum ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Lemo giram 100 bai cika kalori 50 ba, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ba da kimanin 130, alhali ɗanyarta tana ba da 360. Soyayyiyar gyaɗa ta kusa 580, garin madara mai maiƙo kimanin 500, man girki kuwa ya doshi 900. Dalilin a fili yake: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, giram ɗaya na sitaci ko suga ko furotin 4 ne, ruwa ba shi da ko ɗaya. Sannan ruwan nan da ke ƙara nauyi shi ne kuma yake lalata abinci, domin ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa yaɗuwa inda babu danshi. Saboda haka aikin guzuri uku ne: a fitar da ruwa a gida, a hana shi komawa a cikin jaka, a mayar da shi a zango lokacin da za a ci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana goma kafin mu tashi na ɗora sikelin kicin a kan tebur, mai auna giram ɗai-ɗai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan aikin ido ba ya isa, domin kuskuren giram 100 a kowane yini ya zama rabin kilo a bayan mutum, ko kuma yunwa a yini na huɗu. Mun tsayar da giram 750 na busasshen abinci ga kowane mutum a yini, wanda ya ba da kalori wajen 3,150. Mai hawan dutse da kaya a baya yakan ƙona fiye da haka, amma giɓin yini biyar jiki yana iya cike shi daga ajiyarsa. Da tafiyar ta mako uku ce, da lissafin ya sauya.

Karin kumallo giram 160 ne: ots, wani hatsi da ake dama shi kamar kunu, 90, garin madara 30, suga 15, zabibi 25, duk a gauraye a leda ɗaya. Abin tauna a hanya shi ya fi komai yawa, giram 320: gyaɗa mai gishiri 100, dabino 80, biskit 70, markaɗaɗɗiyar gyaɗa 40, busasshen nama 30. Abincin dare giram 240: hatsi 140, wato kuskus ko taliya ko shinkafa, sai lentil 40, waɗannan ƙananan jajayen wake masu faɗi, busassun kayan miya 20, mai 30, gishiri da kayan ƙamshi 10. Sauran 30 na shayi ne da suga da madararsa. Karin kumallon ranar farko a gida za a yi shi, abincin daren ranar ƙarshe kuma mun riga mun fito, don haka aka cire su. Aka ƙara wa kowa ƙullin ko-ta-kwana na giram 400, wanda ba ya buƙatar wuta kuma ba a taɓa shi sai hanya ta ɓace ko wani ya ji rauni. Jimla, kowa ya ɗauki kilo 3 da giram 750.

Shinkafar ba ɗanya muka ɗauka ba. Ɗanyar shinkafa tana son wuta minti 15 zuwa 20, kuma kowane minti gas ne da sai an goya. Na dafa ta a gida ba mai, na baje ta siriri a faranti tun da zafinta, na sa a na'urar busar da abinci a kan digiri 60 har ta ƙame ƙayau, ana murza ta tana ƙara kamar tsakuwa. Wadda ba ta da na'urar tana iya amfani da tanda a mafi ƙarancin wuta, a bar ƙofar a ɗan buɗe tururi ya riƙa fita. Sauri yana da muhimmanci a nan. Akwai wata ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi da danshi sai ta farfaɗo ta zuba dafin da ke sa amai, wanda sake ɗumamawa ba ya kawar da shi. Don haka daga tukunya sai faranti, ba a bari ta kwana. Haka na yi wa lentil, sai dai abin da na dafa bai kai na dare huɗu ba, na cike na dare ɗaya da ɗanye. Wannan gajen haƙurin ya dawo mana a zango na uku.

Nama kuwa sai marar kitse. Duk wani fari a jikinsa na yanke na fitar, domin kitse ba ya bushewa, iska ce take shiga shi ya yi maƙaƙi. Na yanka shi falle-falle, kaurin milimita 5 ko 6, na sa gishiri, na fara gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 71 kafin a shiga busarwa. Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, alhali zafin na'urar busarwa kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayoyin cuta, kuma suna ƙara jure zafi idan naman ya fara bushewa. Alamar ya yi ita ce a lanƙwasa shi ya tsage amma kada ya karye, kuma kada a ga laima a tsagin. Dokar ɗaya ce ga duk abin da aka busar: ba a sa masa mai a gida, mai yana tafiya a gorarsa, a zango ake haɗa su. Kuma kada a kuskura a jefa ɗanyar tafarnuwa a cikin gorar man don ƙamshi. Tafarnuwa a nutse cikin mai, ba iska ba sanyi, wuri ne da ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim take so, guba ce mai shanye jiki, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Garin tafarnuwa ya wadatar.

Daren jajibiri muka zauna ɗauri. Duk kwali da kwalba da gwangwani muka tuɓe su, aka juye komai a leda mai zif. Kowane abinci da ledarsa, an rubuta a jiki: wane dare, mutum nawa, ruwa nawa za a zuba. Kafin a rufe leda ana danne ta a fitar da iska, domin iska tana cin wuri kuma ita ce ke tsufar da mai. Kuskus da ots suna kwanciya luf, taliya mai lanƙwasa kuwa rabinta iska ce, don haka muka murƙushe ta tun a gida. Biskit muka jera a cikin tukunya don kada ya zama gari. A cikin jakar goyo, abinci mai nauyi yana zama a tsakiya, manne da gadon baya, ba a ƙasa can ba kuma ba a sama ba, in ba haka ba jakar ta riƙa jan mutum baya a wurin hawa. Gas da sabulu suna ƙasa da abinci, a ledarsu daban. Sannan ba mu bar wa mutum ɗaya duk abincin dare ba. Kowa ya ɗauki dare ɗaya, don idan jaka ɗaya ta faɗa ruwa ko ta gangara kwazazzabo, asarar ta tsaya a dare guda.

Ranar farko ita ce ranar ɗanyen abinci. Kowa ya ƙara burodi, ɗan cuku mai tauri da lemo ɗaya a saman jaka, kuma kafin la'asar an cinye su, ɓawon lemon ya shiga ledar shara. Hawan mita 700 ne a cikin itatuwa, rana tana dukan ƙeya. Ba mu zauna cin rana na musamman ba. Duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi mukan tsaya minti biyar, kowa ya zaro ledar taunarsa daga aljihun ɗamarar jaka, ya ci cikin tafin hannu ɗaya, ya kora da ruwa. Wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara, ƙafa ce take fara mutuwa kafin ciki ya yi magana. Wanda kuma ya cika ciki da rana tsaka, hawan da ke gaba zai zame masa azaba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma a nan kaɗan-kaɗan ake zuba shi.

Zangon farko a mita 1,600 yake, a gefen wata ƙorama mai sanyi. Taliyar nan mai dahuwar minti uku muka ci, da kifin gwangwani biyu, su kaɗai ne gwangwanin abinci da muka yarda muka ɗauko, shi ya sa aka fara da su. Wannan taliya, wadda Momofuku Ando ya fitar a Japan a 1958, dabararta ita ce tamu: an dafa ta, an soya ta a mai har ruwan ya fice ya bar ƙananan ƙofofi, kuma ta ƙofofin nan ruwan zafi yake komawa da sauri. Man da ta sha ya sa take ba da kalori wajen 450 a giram 100. Aibinta shi ne ba ta riƙe ciki ita kaɗai, sai an haɗa ta da lentil ko nama.

Yadda muke girki bai sauya ba har ƙarshe, in ban da dare ɗaya. A tafasa ruwa da murfi a rufe, a juye abinci, a bar shi ya sake tafasowa, a kashe wuta, a naɗe tukunyar da rigar sanyi ko wani ƙyalle mai kauri, a bar ta minti goma zuwa goma sha biyar. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa aikin. Ga abincin dare na mutum ɗaya ruwa mililita 350 ya isa, ga ots 250. Mai a ƙarshe ake zuba shi, bayan an buɗe, domin idan ya riga ruwa shiga sai ya lulluɓe ƙwayoyin ya hana su jiƙa. Busassun kayan miya da nama sun fi hatsi taurin kai, don haka da mun isa zango, tun kafin a kafa tanti, ake jiƙa su a ruwan sanyi. Kada a yi gaggawar ci. Abincin da bai gama jiƙa a tukunya ba a ciki zai ƙarasa, kuma kumburin cikin da ke biyo baya yana hana barci.

Lissafin gas daga nan ya fito. Ruwan da ake tafasawa lita biyu da safe, uku da dare, lita biyar ke nan a yini, ashirin a duk tafiyar. Ƙaramin murhun gas yana cin giram 13 zuwa 15 kafin ya tafasa lita ɗaya idan iska ba ta kaɗawa, idan kuwa tana kaɗawa yakan kai 20 ko fiye. Don haka muka ɗauki gwangwani biyu masu giram 230. Ruwan sha ba ma tafasa shi, da matata muke tace shi, wani lokaci mu jefa ƙwayar kulorin mu jira rabin awa. Da tafasawa muka dogara da ita, da sai mun ninka gas ɗin fiye da sau uku, domin mutum huɗu suna shan lita 12 zuwa 16 a yinin tafiya. Wanda ba shi da matata, ya bar ruwan ya tafasa minti ɗaya cur, idan ya haura mita 2,000 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar minti uku.

Yini na biyu ya fi zafi, hanyar kuma fili ce ba inuwa. Wajen azahar ɗaya daga cikinmu ya fara jan ƙafa, kansa yana sarawa, alhali ya fi kowa shan ruwa. Na dubi hularsa da maɗaurin jakarsa, duk sun yi farin zane na gishiri. Na tambaye shi me ya ci tun safe, ya ce dabino kawai, gyaɗar tana ƙasan jaka. Babbanmu ya ce masa, "Malam, sauke kayan nan ka ci mai gishiri tukuna, ruwan ya isa haka." Gumi ba ruwa ba ne kaɗai, yana fita da gishiri, kuma wanda yake ta ɗura ruwa zalla bai mayar da gishirin ba yana ƙara tsinka wanda ya rage a jininsa. Ya ci gyaɗa da nama, muka huta rabin awa a gindin wani dutse, ya warware. Tun daga nan ledar tauna ta daina shiga cikin jaka. Muna kuma ɗauke da ƙullin suga da gishiri don ko gudawa ta kama wani: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba mu buƙace shi ba, kuma ina ganin dalilin shi ne doka ɗaya da muka riƙe: ba a zura hannu a ledar da kowa ke ci, zubawa ake yi a tafi, kuma mai girki sai ya wanke hannu da sabulu.

A zango na biyu, mita 2,100, ɓera ya ziyarce mu. Mun rataye buhun abinci a reshe, amma ledar biskit ɗaya ta kwana a aljihun gefen wata jaka. Da asuba muka tarar da huji kamar na ɗan yatsa a jikin jakar, biskit ɗin an ci gefe an bar kashi a kai. Duk ledar muka zubar cikin shara, giram 140, domin abin da ɓera ya taɓa ba a tsince shi. Zangon da mutane suka saba sauka ɓerayensa sun san ƙarar leda. Duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki da ledar shara, wuri ɗaya yake kwana, a rataye da siririyar igiya nesa da gangar itacen, aljihunan jaka kuma a bar su a buɗe don mai bincike ya shiga ya fita bai yi huji ba. Inda akwai manyan dabbobi abin ya wuce haka. A gandun Yosemiti na Amurka doka ce mai kwana a daji ya zuba abincinsa a wani ƙaƙƙarfan mazubi da beyar, wata babbar dabbar daji mai ƙarfi, ba ta iya buɗewa, kuma a irin waɗannan wurare ana girki da ajiye abinci nesa da wurin kwana.

Yini na uku shi ne ya gwada ɗaurin namu. Da muka sauke kaya a mita 2,500, ledojin da ba a fitar musu da iska sosai ba sun kumbura tim kamar matashi. Wannan ba lalacewa ba ce. Nauyin iskar waje ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da inda muka taso, sai iskar da ke cikin leda ta buɗe. Amma abin da ya kumbura leda shi ya tura mai waje. Gorar man tana da murfi mai ɗagawa, ta sha rabi, saman duk iska ne, kuma a kwance take a cikin jaka. Iskar ta faɗaɗa, ta turo man ta bakin murfin. Mun yi asarar wajen giram 60, rabin man dare guda, kuma da ba a cikin leda biyu take ba da rigar barcin mai jakar ta tafi. Gorar mai sai mai murfin murɗawa, a matse ta iska ta fita kafin a rufe, a tsayar da ita a tsaye, a riƙa sassauta murfin a wurin hutu idan ana hawa. Murfi ba ƙaramin abu ba ne a tafiya. Kyaftin Robert Scott ɗan Ingila da mutanensa, a hanyarsu ta dawowa daga ƙuryar kudancin duniya a 1912, sun riƙa tarar da gwangwanayen kananzir da suka ajiye a hanya sun ragu saboda yoyo ta bakin murfi, alhali da shi suke narka ƙanƙara su sha su yi girki. Roald Amundsen ɗan Norwe, wanda ya riga su isa a Disambar 1911, ya sa an like nasa da dalma.

A wannan zangon ne kuma na buɗe ledar busasshen tumatir na ga ɗigon ruwa a jikinta ta ciki, da farin gashi-gashi a kan yanka uku ko huɗu. Laifin daga gida ne. Tumatirin shi na busar a ƙarshe, yankan bai zo daidai ba, masu kaurin suna da sauran laima a ciki, kuma na rufe ledar da sauran ɗumi. Rana ta dafa jakar, dare ya sanyaya ta, laimar ta fito ta kwanta a jikin leda, fumfuna ta samu abin da take nema. Duk muka zubar, domin abin da ido ya gani a sama saiwarsa ta riga ta shiga ciki. Albasa da karas da na busar tun farko lafiyarsu ƙalau, saboda sun bi ƙa'ida: a bar su su huce sarai, a zuba a kwalba kada ta cika, a rufe, a riƙa girgizawa kullum har mako guda. Idan an ga gumi a jikin kwalbar, a mayar da su busarwa. Gyaɗa ma a duba ta da kyau kafin a ɗaura, duk ƙwayar da ta yanƙwane ko ta sauya launi ko take ɗaci a fitar da ita, domin fumfunar gyaɗa tana haifar da guba mai cutar da hanta wadda suya ba ta kashewa.

Sai ga ɗanyen lentil. Duk hawan mita 300 ruwa yana rage kimanin digiri ɗaya a zafin da yake tafasa, don haka a inda muke yana tafasa ne a wajen digiri 92. Ido yana ganin tukunya tana ɓararraka, amma zafin bai kai na ƙasa ba, kuma ƙara wuta ba ya ƙara shi, tururi kawai yake ƙarawa. Lentil ɗin da yake nuna cikin minti 12 a gida sai da ya shafe 25 wuta tana ci, iska tana kaɗa harshenta gefe. Mun tare iskar da jakunkuna da duwatsu ta ɓangare ɗaya, ba mu kewaye murhun gaba ɗaya ba, domin gwangwanin gas idan zafi ya taru a kansa yana iya fashewa. Shiga tanti da murhu kuwa ba ma ko tunaninsa, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kashe mutum yana zaune. Bayan an gama na saka gwangwanin a wani ɗan tafki mai kwanciya, na duba inda ruwa ya tsaya a jikinsa, na kwatanta da alamar da na yi daren jiya. Tukunya ɗaya ta ci kusan rabin gas ɗin yini guda. Da manyan wake ne, masu son awa ɗaya ko fiye, da gas ɗin ya ƙare ba su nuna ba, kuma wasu irinsu, kamar jan wake mai siffar ƙoda, suna sa amai da murɗawar ciki idan ba su tafasa sosai ba.

Da asubar yini na huɗu raɓa ta daskare a kan tanti, murhu kuma ya ƙi ba da wuta sai wani ɗan shuɗin harshe mai rawa. Gas ɗin butan, irin wanda ake ɗurawa a gwangwanin murhu, yana daina tashi idan sanyi ya kai wajen digiri sifili. Namu gauraye ne da wani gas da ake kira furofan, wanda ke jure sanyi, amma shi yake fara ƙonewa, don haka gwangwanin da ya kusa ƙarewa ya fi jin sanyi. Na cusa shi cikin riga minti goma, ya ɗauki ɗumin jiki, wuta ta dawo. Ba a ɗumama shi da wuta ko kaɗan.

Abin da sikeli bai faɗa mana ba a gida shi ne baki yana sauyawa a sama. Daga yini na uku zaƙi ya fara gundurar kowa. Dabino, wanda ranar farko ake rububinsa, ya koma ana juya shi a leda ana mayarwa. Ots mai suga sai da aka yi ta turawa. Abin da rai ke so shi ne gishiri da tsami da yaji da ruwa-ruwa mai zafi. A kan mashigar, mita 2,800, iska tana yanka fuska, abin da aka nema shi ne gyaɗa da nama da biskit da aka shafa wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kuma a nan aka ji zafin ledar da ɓera ya ɓata. Tudu yana rage sha'awar abinci daidai lokacin da jiki ya fi buƙatarsa, kuma abincin da ba a ci ba kalorinsa a takarda ya tsaya, nauyinsa kuwa yana nan a baya. A ganina gara a rasa kalori kaɗan a lissafi a ɗauki abin da za a iya haɗiya cikin gajiya.

Daren ƙarshe, a mita 1,700, shinkafar da na busar ta jiƙa cikin minti goma sha biyu kamar yanzu aka sauke ta. Muka juye sauran man duka, aka cinye tas. Ba ma barin saura ya kwana, domin da zarar ruwa ya koma cikin busasshen abinci ya zama dafaffen abinci kamar kowane, yana lalacewa cikin sa'o'i. Tukunya ana kankare ta da cokali, a zuba ruwan zafi kaɗan a girgiza, a yi wankin nesa da ƙorama kamar taku saba'in, a tace ɓarɓashin a sa a shara.

Da muka koma gida na sake ɗora komai a sikeli kafin kowa ya taɓa. Ƙullin ko-ta-kwana huɗu sun dawo a rufe. Dabino, cikin giram 1,600 da muka ɗauka, 600 sun dawo. Ots ya rage kamar na mutum ɗaya. Gyaɗa, nama da biskit babu ko ɓarɓashi. Gas ya rage giram 70 a gwangwani na biyu. Sharar mutum huɗu, har da gwangwanin kifi da tumatirin da ya lalace, ba ta kai kilo ɗaya ba. A littafin da nake ajiye lissafin na rubuta gyaran tafiya ta gaba: dabino ya sauko giram 50 a yini, a mayar da 30 ɗin ga abu mai gishiri, a ƙara garin miya giram 15 ga kowa don shan farko da an isa zango, suga a ledarsa daban ba cikin ots ba, mai a ƙananan gora biyu masu murfin murɗawa, lentil duka a dafa a busar, tumatir kuma a fara da shi mako biyu kafin ranar tashi.